Ranar da Isiyaku Ya Wuce Uban Ƙungiya

Shekara tara Isiyaku Birnin Kudu ya yi yana zuwa bakin filin keken dutse da ke yamma da Riyad, a gindin tsaunin Tuwaiƙ, kuma a shekara taran nan ƙafarsa ba ta taɓa tsallake ƙarfen ƙofar ba. Na zauna na lissafa masa. In an cire watannin zafi da na azumi da makonnin da maigidansa ke tafiya hutu, ya je wajen sau ɗari biyu da sittin da ɗoriya. Duk zuwa sai mai gadi ya leƙo ta tagar ɗakinsa ya yi masa tambaya guda da Larabci: direban wa? Isiyaku ya ce na Dakta. Sai a nuna masa rumfar direbobi, wadda ya riga mai gadin saninta, don a gabansa aka kafa ta.

Filin na wani kulob ne na masu hawan duwatsu da keke. Sun kewaye shi da waya, sun fitar da hanyoyi a cikin kwazazzabai da kan fako, sun sa dokar cewa ba mai shiga sai mai kati. Turawa na shiga, Larabawa na shiga, 'yan Filifin na shiga a jere da riguna iri ɗaya. Baƙar fata kuwa aikinsa ya sauke keke daga bayan mota, ya taɓa taya ya ji iska, ya miƙa hular kwano, ya koma rumfa ya sha shayi a kofin takarda har a gama wahalar ganin dama a fito.

Abin da ba wanda ya sani a cikin masu katin nan shi ne, mutumin da ke miƙa hular ya girma ne a ƙarƙashin bishiyar mai gyaran keke. Mahaifinsa ne mai faci a bakin kasuwar Birnin Kudu. Tun kafin Isiyaku ya yi gemu yake ɗaukar buhun albasa biyu a kan keke maras giya, ya hau tudu da su ba tare da ya sauke ƙafa ba. Ya san kaca ta ƙarar da take yi. Ya zo Riyad shekara goma sha tara da suka wuce, ta hannun Alhaji Mudassir, mai shagon turare a Dira. Alhaji ne ya tarbe shi, ya kwantar da shi a saman shago wata huɗu, ya nemo masa aikin tuƙi a gidan wani likitan haƙori a Malaz. Da ya tashi aure Alhaji ne ya yi masa walicci ta waya. Ɗansa na fari, da ke gida wajen uwarsa, sunan Alhaji ya ci. Ku riƙe wannan, don nan gizo ke saƙar duk labarin.

Daktan ya shiga hawan keke ne da likita ya ce masa tumbinsa ya wuce ƙa'ida. Ya yi shekara tara yana faɗuwa, Isiyaku yana gyarawa. Ranar da ƙashin kafaɗarsa ya karye, matarsa ta rantse ko ita ko keken. Dakta ya zaɓi zaman lafiya, ya ce wa direbansa ya fitar da shi daga gareji, ya kai duk inda ya ga dama. Isiyaku ya ce masa hadir, wato an gama. Ita ce kalmar da ya fi faɗa a ƙasar nan. Na taɓa ƙirga masa ita sau goma sha bakwai a kira ɗaya na waya. Ya ɗauki keken ya kai ɗakinsa a Shumaisi, ya jingine shi tsakanin katifa da tukunyar gas.

Juma'ar da ta biyo baya ya hau abinsa tun da asuba, ya taka har bakin filin, kilomita arba'in da ɗaya. Mai gadi ya leƙo. Direban wa? Isiyaku ya ce yau ba na kowa ba ne, shi da kekensa ne. Mai gadi ya dubi keken, ya gane na Dakta ne, ya dubi hanya ko Daktan na tafe a ƙasa, sannan ya nuna masa rumfa. Isiyaku ya zauna a rumfar minti ashirin saboda kunya, ya juya ya sake taka arba'in da ɗayan nan zuwa gida.

A gidan cin abinci na wata 'yar Katsina a Shumaisi na fara jin labarin, bayan an sauko daga masallaci, muna cin masa da miyar taushe. Ni ma'ajin kaya ne a wani sito na tayil, ina da keke da nake zuwa aiki da shi. Isiyaku bai ba da labarin da fushi ba. Ya ce shi dai abu ɗaya yake so kafin ya koma gida gaba ɗaya: ya isa ƙofar nan, a tambaye shi, ya nuna kati mai sunansa, a ɗaga ƙarfe. Na tambaye shi yadda ake samun katin. Ya ce hanya biyu ce. Ko mambobi biyu su tsaya maka, wanda a shekara tara ba a taɓa yi wa ɗan rumfa ba, ko kuma ku zo a ƙungiya ku shiga tseren hunturu da ake buɗe wa kowa sau ɗaya a shekara. Kilomita talatin ne. In mutum biyar daga ƙungiya ɗaya suka gama cikin awa uku, a yi musu rajista, a ba kowa kati.

Mutum biyar, kilomita talatin, minti ɗari da tamanin. Na ce masa ai wannan lissafi ne, ba addu'a ba, kilomita goma ne a awa. Mu nemo sauran ukun.

A daidai lokacin kuma kulob ɗin ya farka wata safiya ya gano cewa hotunansa duk launi ɗaya ne. Suka kafa kwamitin jawo kowa da kowa, suka ɗora wata Baturiya mai yawan murmushi a kai. Ita ce ta zo har rumfar direbobi tana neman sababbin fuskoki, ta gaisa da Isiyaku, da ya sake takawa can da kekensa, tana cewa ta ji daɗin haɗuwa da shi. Shi kuwa ya gyara mata birki sau huɗu a shekarun baya. Ta ce ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Ya dubi ƙofar, ƙarfen na nan a kwance. Ta roƙe shi in sun zo tsere su zo da kaya masu kama da na gida, don hoton ya yi kyau. Dokar mutum biyar dai ba ta taɓa ta ba.

Muka sanar a zauren waya na 'yan gida cewa za a yi taron masu keke. Mutum talatin da ɗaya suka zo. Masu keke a cikinsu huɗu ne: Isiyaku, ni, Ghali magini ɗan Gumel, da Bachir ɗan Maraɗi mai tuƙa tankar ruwa. Sauran ashirin da bakwai ɗin sun ji an ce ƙungiya ne, kuma Bahaushe ba ya barin a raba muƙami ba ya nan. Awa uku aka yi ana zaɓen suna, daidai tsawon lokacin da aka ba mu mu gama tseren. Aka tsaya a kan Ƙungiyar Haɗin Kai da Cigaban Mahaya Keken Dutse 'Yan Arewa Mazauna Riyad. Bachir ya ɗaga hannu ya ce shi a wajensa Kano kudu ce. Aka ƙara da Maƙwabta a bayan Arewa. Kalma goma sha huɗu ke nan, muƙamai ma goma sha huɗu aka raba, har da mai binciken kuɗi na ɗaya da na biyu a ƙungiyar da ba ta da asusu. Ni aka ba sakatare. Isiyaku, wanda don shi aka taru, aka ba shi jami'in gyaran kekuna. Uban ƙungiya kuwa ba a ma jefa ƙuri'a ba, kowa ya juya ya kalli Alhaji Mudassir, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce nauyi ne, amma zai ɗauka.

Ta biyar ɗinmu daga baya ta zo. Kamila sunanta, ma'aikaciyar jinya, haifaffiyar Riyad, 'yar wani aminin Alhaji. Hausarta a kan Larabci take tafiya, sai ta fara zance da tamu ta ƙarasa da tasu. Tana da keke na gaske, ta yi shekara uku tana hawa da ƙawayenta a Wadi Hanifa. Kwamiti ya yi minti arba'in yana tattauna ko ya dace mace ta shiga. Masu jawabi tara, babu mai keke a cikinsu. Da na gaji na miƙe na ce huɗu muke, biyar ake nema, duk mai adawa ya zo da kekensa Juma'a da asuba. Aka amince da ita ba hamayya, aka naɗa ta shugabar mata. Ita kaɗai ce macen.

Juma'a goma sha ɗaya muka yi muna atisaye a Wadi Hanifa da tuddan bayanta. A nan na san wane ne Isiyaku. Mutumin da ke magana kamar mai neman gafara, in ya hau keke sai ka ga wani daban. Shi ya koya wa Ghali ya daina damƙe birkin gaba a gangara, bayan Ghali ya tashi sama sau biyu kamar buhun siminti da aka jefo daga bene. Shi ya koya mini in sauke giya kafin tudu, ba a tsakiyarsa ba. Hanyoyin filin kuwa, da bai taɓa shiga ba, ya san su kamar layin gidansu, don shekara tara Dakta na ba shi labarin kowane dutse da ya kayar da shi a hanyar komawa Malaz. Ya zana mana taswira a bayan kwalin tayil: kilomita takwas na farko hanya ce mai faɗi, daga nan sai siririya, keke ɗaya take ci, dutse a dama, rami a hagu. A Juma'a ta goma muka yi talatin ɗin cikin awa biyu da minti talatin da biyar. Rarar minti ashirin da biyar. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Alhaji ya zo atisaye sau biyu, duka biyun lokacin ɗaukar hoto. Shi ya ɗinka mana riguna, kore da fari, an buga sunan ƙungiya a baya da ƙananan baƙaƙe don ya shiga, a gaba kuma sunan shagon turarensa da manya. Ba mu yi ƙorafi ba. Abin da ba mu zata ba shi ne abin da ya faru ranar tseren.

Ƙarfe bakwai saura kwata muna layi a cikin filin, sanyi na ratsa riga. Isiyaku ya tsallake ƙofar karo na farko, amma ranar kowa ma tsallakewa yake, don haka ya ce wannan ba ta shiga lissafi ba. Sai ga Alhaji ya sauko daga mota sanye da rigar ƙungiya, ta ɗame shi kamar fatar ganga, yana turo sabon keke da ko ledar sirdinsa ba a cire ba. Ya ce ya yi tunani, bai kamata uba ya tura 'ya'yansa daji ya zauna a inuwa ba. Zai ja mu da kansa. Ya ce a zamaninsa daga Kura yake zuwa Kano a keke ya dawo kafin la'asar. Na tambayi shekarar a raina, na samu arba'in da uku da suka wuce.

Ba wanda ya ce a jeru. Jeruwa kawai muka yi, yadda muke yi in za a shiga gidan gaisuwa. Alhaji a gaba, Isiyaku a bayansa, sai Bachir, sai ni, sai Ghali, Kamila a ƙarshe, wai don a kare ta. In ka cire Isiyaku, jerin nan daidai yake da saurinmu, sai dai a juye.

Aka busa usur. Mutum tamanin da shida suka tashi. A kilomita na uku mun zama na saba'in da wani abu. A na takwas, inda hanya ta tsuke, mun cinye minti hamsin da biyar, kuma babu kowa a bayanmu sai wani tsoho Bature da ya tsaya ɗaukar hoton raƙuma, shi ma da ya gama ya zo ya ce yasar, wato a ba shi hagu, ya wuce mu ɗaya bayan ɗaya, mu shida, yana gode wa kowa.

Alhaji yana tafiya kamar mai zagayen gonarsa. In an zo tudu ya sauka ya tura, mu ma mu sauka mu tura, don ba a zama a kan sirdi babba yana ƙasa. In an zo gangara ya damƙe birki biyu, mu ma mu damƙe, tayar Ghali na sumbatar tawa. Yana kuma ba da labarin Kura. Isiyaku yana amsawa, haka ne Alhaji, ƙwarai Alhaji. Ni kuwa ina kallon agogo. Ba wanda zai iya wuce Alhaji sai ya fara wuce Isiyaku, kuma ba wanda zai wuce Isiyaku, tunda shi ma babba ne a kanmu, kuma tafiyar tasa ce. Komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, wanda ɗansa ke amsa sunan wanda ya tare hanyar.

Ya gwada dabara, ban ce bai gwada ba. A kilomita na goma ya ce ko Alhaji zai ɗan huta a inuwar dutsen can, mu je mu duba masa hanya. Alhaji ya ce shi yanzu ma jikinsa ya fara sakewa. A na goma sha biyu ya ce yana jin kamar tayar Alhaji ta baya na sace iska, bari a tsaya a duba. Alhaji ya ce sabuwa ce, jiya aka ciro ta daga kwali. A na goma sha uku Bachir ya fara tari na ƙarya. Daga can baya Kamila ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, ita ba ta gane ba, tsere ne wannan ko rakiyar gawa. Ghali ya ce ta yi a hankali, Baba zai ji. Ta ce ai so take ya ji.

A alamar kilomita goma sha biyar na duba agogo. Awa ɗaya da minti arba'in da shida. Rabin hanya, saura minti saba'in da huɗu. Na matsa kusa da Bachir na ce ya miƙa wa Isiyaku saƙo: in ba yanzu ba, sai baɗi. Bachir ya miƙa. Na ga bayan wuyan Isiyaku, na ga ya ji, amma bai juyo ba. Muka ƙara mita ɗari biyu a haka.

Sai ya taka birki ya sauka. Ya kwantar da keken Dakta a gefen dutse, ya cire hular kwano ya riƙe a hannu, ya kira Alhaji. Alhaji ya sa ƙafa ƙasa ya waiwayo yana haki. Isiyaku ya durƙusa a kan tsakuwa, gwiwa biyu, kamar ranar da ya zo gaishe shi da Sallah.

"Alhaji, ka yi mini komai a garin nan. Yau ina roƙon ka yi mini haƙuri. Zan wuce."

Alhaji ya dube shi kamar bai ji Hausar ba.

"Za ka me?"

"Zan wuce, Alhaji. Shekara tara nake rumfa."

"To ai ga ni ina kai ka."

"Ba za mu isa ba, Alhaji."

Ban taɓa jin ya ce wa wani babba ba za a yi ba. Alhaji bai matsa ba. Ya bar kekensa a gicciye a tsakiyar hanya. Isiyaku ya miƙe, ya mayar da hula, ya saɓa kekensa a kafaɗa, ya hau duwatsun dama da ƙafa, ya yi zagaye mai faɗi kamar mai kauce wa sahun masu salla, ya sauko gaban Alhaji da taku goma. Daga baya ya ce mini ya yi hakan ne don kada a ce a kan hanya ya wuce shi.

Da a nan muka tsaya da hankali ya yi aiki. Amma Bachir ya ga abin da babba ya yi, shi ma ya sauka, ya cire hula, ya durƙusa, ya nemi gafara, ya ƙara da tambayar iyali, ya saɓa keke ya hau dutse. Ni ma, da agogo a hannuna ina ganin daƙiƙoƙi na zubewa, na durƙusa. Ghali ya durƙusa har hularsa ta gangara rami, sai da ya bi ta. Minti shida cur muka kashe muna neman izinin yin tsere a tsakiyar tsere. Kamila kuwa ko sauka ba ta yi ba. Ta ce, "Yasar, Baba," ta bi ta ɗan tsukin da ke tsakanin tayarsa da bakin rami, ta wuce mu duka kafin mu gama gyara huluna.

Saura minti sittin da shida, kilomita kusan goma sha biyar, kuma mafi munin hanyar ce a gaba. Abin da ya biyo baya ba ni da lissafinsa da kyau, don idona ya bar agogo ya koma kan tayar gaba. Abin da na riƙe shi ne muryar Isiyaku. Yana kiran duwatsu kafin mu gan su. Nan ne Dakta ya fasa gwiwa, a bi dama. Bayan kwanar nan yashi ne, kada a taɓa birki. Tudun can ƙarya yake, akwai wani a bayansa, a bar ƙarfi. A kilomita na ashirin da uku kacar Ghali ta tsinke. Isiyaku ya dawo baya, ya haɗa ta cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. A tudun ƙarshe ƙafafuna suka ƙi, sai na ji tafin hannu a bayana yana tura ni, mutum mai shekara arba'in da takwas yana hawa da hannu ɗaya.

Kamila ta shiga da rarar minti goma sha ɗaya. Bachir da bakwai. Ni da Ghali da biyar. Isiyaku, da zai iya riga kowa, ya tsaya ya ga bayan na ƙarshenmu, ya shiga da rarar minti huɗu. Mutum biyar. Na ƙirga mu sau biyu.

Alhaji ya iso bayan rabin awa a bayan motar da ke kwashe waɗanda suka gaza, zaune a kan taya, kekensa a gefe. Kafin motar ta tsaya ya sa an sauke shi a bayan tanti, ya turo keken da ƙafa, ya fito ta gaba. Baturiyar kwamiti ta tambayi wane ne shugaba, jami'anmu goma sha ɗaya da suka zo kallo da manyan riguna suka nuna shi. Hoton da kulob ya wallafa na nan har yau: Alhaji a tsakiya riƙe da takardar rajista, jami'ai kewaye da shi, Kamila a gefe don a ga akwai mace. An rubuta a ƙasa cewa wannan dattijo ne ya kawo al'ummarsa cikin wasan. Na duba hoton da kyau, akwai gwiwar hannun Isiyaku a kusurwar hagu, yana duba birkin wani.

Kati dai biyar aka buga, da sunayen waɗanda suka gama.

A makon Alhaji ya kira taron gaggawa ya ce an ci mutuncinsa a gaban duniya. Ya karɓe rigunansa. Ya fice da jami'ai goma sha ɗayan, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna irin namu, an ƙara ta Asali a ƙarshe. Kwamitin kulob ya sake wallafa cewa cikin wata ɗaya ƙungiyoyin 'yan Afirka sun ninka. Isiyaku ya je shagon Dira gaisuwa Juma'a bakwai a jere, Alhaji yana ganinsa sai ya shiga auna turare. Wannan ya ci shi fiye da yadda ya nuna. Ya ce mini kati ya samu, amma in ya kira ɗansa a waya sunan na yi masa nauyi a baki.

A Juma'a ta takwas muka iso ƙofar filin da safe, ni da Isiyaku. Muka tarar da motar Alhaji a tsaye, keke ɗaure a baya, shi a kujerar tuƙi yana fama da mai gadi da takardar hoton nan a hannu. Mai gadi na cewa hoto ba kati ba ne. Isiyaku ya jingine kekensa ya matsa. Mai gadi ya leƙo, bakinsa ya riga ya buɗe da tsohuwar tambayar, sai ya ga katin. Ya karɓa, ya karanta sunan a hankali, ya dubi fuskar, ya mayar. Isiyaku ya ce masa doka ta ba mai kati damar shiga da baƙo ɗaya, wannan tare suke.

Mai gadi ya dubi mai katin, ya dubi baƙin mutumin da ke riƙe da sitiyari da keke a bayan mota, ya haɗa lissafin da ya saba haɗawa. Ya ce babu damuwa, amma direba ya sauke keken ya jira a rumfa.

Alhaji yana jin Larabci sarai, shekara talatin yake ciniki da shi. Na ga kunnuwansa sun motsa. Ya dubi rumfar, inda mutum bakwai ke zaune da kofunan takarda, huɗu daga cikinsu 'yan gida ne da suka san shi, sun kuma ji. Ina jin ranar ce ya fara ganinta.

Isiyaku ya ce wa mai gadi, "Babana ne." Ya zagaya bayan motar ya sauke keken da kansa, ya taɓa tayoyin ya ji iska, ya cire ledar sirdin da har yanzu ke nan, ya miƙa wa Alhaji hular kwano da hannu biyu.

Aka ɗaga ƙarfe. Muka jeru yadda muka saba, Alhaji a gaba. Na sa ido a kan agogo don in ga iya inda za a kai. A mita ɗari takwas, tun hanya na da faɗi, ya karkata gefe ya sa ƙafa ƙasa, yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ku je, ina tafe. Kuma kada wanda ya durƙusa mini, mutane na kallo."

Isiyaku ya ce hadir, ya wuce ta hagu.